Wa Zai Tsaya Gaban Allo? Waiwaye Kan Yadda Hukuma Ke Samo Malaman Gobe a Ƙasarmu

Duk shekara idan muka haɗu a babban taron ƙungiya, bayan an gama gaishe-gaishe an karanta lissafin kuɗi, maganar makaranta ce kan cinye rabin zaman. Wannan ya kawo shawarar a gyara rufin ajin da iska ta yaye, wancan ya ce a sayi bencina, wani kuma ya miƙe ya yi alkawarin buhunan siminti. Duk alheri ne, Allah Ya saka wa kowa. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba, alhali kuwa ita ce gaba da duk waɗannan: idan an gama ginin an shafa fenti, wa zai tsaya gaban allo? Daga ina zai fito, wa zai zaɓo shi, wa zai ɗauki nauyin karatunsa, kuma me zai zaunar da shi a Kurawa ko Gatawa ko Tsamaye, bayan ya san akwai Sakkwato?

Wannan tambaya ta girmi ƙungiyarmu, ta girmi jihar kanta. Kowace hukuma da ta mulki wannan yanki ta ba da tata amsa, kuma idan mai karatu ya bi mu sannu a hankali zai ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa. Duk lokacin da hukuma ta tako har ƙauye ta ɗauki yaro tun yana ɗanye, ta ciyar da shi, ta horar da shi, ta ɗaure shi da sharaɗin komawa gida, garuruwan bakin iyaka irin namu kan sami malamai. Duk lokacin kuma da ta zauna a ofis tana jiran masu takardu su kawo kansu, mu ne na farkon rasawa.

Malfa da jan rawani

Kafin zuwan Turawa ba a san wani abu wai shi ɗaukar malami aiki ba. Almajiri kan zauna gaban malaminsa shekara da shekaru har malamin ya gamsu ya yi masa izini, jama'ar gari kuma su riƙe shi da sadakar Laraba da damin hatsi idan kaka ta yi. Duk da haka, a cikin ƙarni na 19 an yi wani tsari a wannan ƙasa da ya cancanci mu tsaya a kansa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga cewa matan karkara ba su da hanyar zuwa inda ilimi yake, sai ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga cikin matan ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle. Jajin ce za ta jagoranci mata zuwa wurin Nana su ɗauki karatu, ita ce kuma za ta koma da su gida ta ci gaba da koyarwa. Masana tarihi sun nuna cewa malfar nan alama ce da aka sani tun da can a wurin Innar Gobir, wato an ɗauki abin da matan Gobir suka saba girmamawa aka ɗora shi a kan malama. Abin lura a nan shi ne ba a aiko wa ƙauye baƙuwa ba. Daga cikin garin aka zaɓo, aka koyar, aka mayar.

Zamanin En'e

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba su yi gaggawar buɗe makarantu ba, kuma da suka tashi buɗewa sai suka tarar ba su da masu koyarwa. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashe na horar da malaman da za a rarraba wa larduna. Babban mataki kuwa shi ne Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Mutane da yawa a yau suna tuna ta a matsayin makarantar da ta haifi shugabannin Arewa, amma ba don haka aka gina ta ba. An gina ta ne domin ta fitar da malaman makaranta, kuma kowane lardi yana da kasonsa na ɗaliban da zai tura.

Tsani ne mai matakai, kuma ƙafarsa a ƙofar gidan hakimi take. Takarda kan zo daga Sakkwato a ce ana son yara kaza daga gunduma kaza, hakimi ya raba wa dagatai, dagatai su shiga gari. Manyanmu sun sha ba mu labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu ko a tura su wurin dangi a ƙetaren iyaka, wajen Madawa ko Tsibiri, har sai ƙurar ta lafa, da yadda wani mai hali kan ba da ɗan baransa a maimakon nasa, daga baya ya ciji yatsa. Yaron da aka kama zai yi shekara huɗu a elimantare. Idan kansa na ja, sai a tura shi Midil ta Sakkwato, daga can kuma ƙalilan su wuce Katsina, wasu a kai su cibiyoyin horar da malaman elimantare waɗanda aka kafa bayan gyaran tsarin ilimi na wajen 1930. A duk tsawon wannan tafiya uba ba ya kashe ko anini. En'e ce ke ciyarwa, ita ke tufatarwa, ita ke ba da ɗan kuɗin kashewa, ranar da yaro ya gama kuma aiki na jiransa.

Ba za mu yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Makarantun kaɗan ne ƙwarai, an fi karkata ga 'ya'yan sarauta, an kuma yi amfani da tilas. Ilimin mata ma sai a 1939 aka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato, inda marigayi Waziri Junaidu ya koyar kafin a naɗa shi Waziri a 1948. Sa'annan tun daga farko tulun yana yoyo. Ahmadu Bello ya gama Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, amma a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah. Shehu Shagari ya koyar da kimiyya a wannan Midil ɗin, ya yi hedimasta a Argungu, daga nan siyasa ta ɗauke shi. Malam Aminu Kano, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru, inda Malam Abubakar Gumi shi ma ya koyar a wannan lokaci, amma a ƙarshen 1950 ya ajiye alli ya rungumi NEPU. Da aka shiga shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar cike ofisoshinta da 'yan Arewa, ina za ta samo su in ba a cikin aji ba? Duk malamin da ya iya Turanci da lissafi sai aka yi masa tayin kujera. Arewa ta sami ma'aikata, makarantun karkara kuma suka koma hannun waɗanda aka bari.

Amma duk da wannan yoyo, wanda ya rage ɗan ƙasa ne. Ya san sunan uban kowane yaro, yana sallar Juma'a sahu ɗaya da iyayen ɗalibansa, ana kiransa rabon gado da rubuta wasiƙa. Idan aka ce Malam a gari, an san wanda ake nufi.

Daga 'yancin kai zuwa UPE

Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ne ya haifar da manyan kwalejojin horon malamai masu ba da takardar NCE. Ta Zariya ta buɗe a 1962, ta Kano a 1964. Tamu ta Sakkwato, wadda daga baya aka sa wa sunan Shehu Shagari, sai a 1970 aka kafa ta. A lokacin, NCE ta masu koyarwa a sakandare ce. Firamare kuwa tana hannun masu Gired Tiri da Gired Tu. Rikicin 1966 ya sa malamai da yawa 'yan Kudu suka koma gida, giɓin da suka bari ya nuna wa kowa tsiraicin lardin. A cikin wannan hali ne aka kafa asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato, wanda Shehu Shagari ya zama sakatarensa a 1967, aka tara kuɗi daga jama'a aka gina makarantu. Yana da kyau 'yan ƙungiya su san wannan: taimakon kai da kai a harkar ilimi ba mu muka fara shi ba.

Sai babbar guguwa ta zo. A watan Janairun 1974, a garin Sakkwato, Janar Yakubu Gowon ya ba da sanarwar cewa za a fara ilimin firamare kyauta ga kowane yaro a Nijeriya. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin kwalejojin horon malamai, ta faɗaɗa tsofaffi ta gina sababbi. Janar Olusegun Obasanjo ne ya ƙaddamar da shirin a watan Satumbar 1976, wata bakwai bayan an ƙirƙiro Jihar Sakkwato daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Yamma. Masu tsare-tsare sun yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. A wannan shekara ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ƙara wa malamai ilimi suna kan aiki.

A nan ya kamata mu daɗe, domin da yawa daga cikin masu riƙe da wannan mujalla a Sakkwato, Kaduna, Kano, Abuja da Legas, ko dai ta wannan ƙofa suka fita, ko kuma waɗanda suka fita ta cikinta ne suka koya musu baƙi da wasali. Tsarin mai sauƙi ne. Yaro ya gama firamare a ƙauyensu, ya zauna jarrabawa, a kira shi intabiyu, a tura shi kwalejin horon malamai a Sakkwato ko Maru, 'yan mata kuma Birnin Kabi ko Gusau. Zai yi shekara biyar yana kwana a makaranta, ana ciyar da shi sau uku, ana ba shi littattafai da alawus da kuɗin mota idan an yi hutu. Wanda ya riga ya yi sakandare kuwa shekara ɗaya ko biyu zai yi, gwargwadon sakamakonsa. Ana koya masa duk darussan firamare, daga lissafi har aikin gona da wasan motsa jiki, ana koya masa yadda ake rubuta shirin darasi da riƙon rajista, ana tura shi gwajin koyarwa malamansa na zaune a bayan aji da biro. Kafin ya cika shekara ashirin ya dawo ƙaramar hukumarsu da Gired Tu, ko da takardar cewa ya zauna jarrabawar bai haye duka ba, kuma a kowane hali akwai ajin da ke jiransa.

Da yake yara sun fi ƙarfin malamai, sai aka yi ta ɗiba ba zaɓe. An ɗauki waɗanda iyakarsu firamare aka ba su horon 'yan watanni. An ɗauko malaman zaure aka ba su darasin Arabiyya da addini, wanda hakan, a ganinmu, yana cikin dabaru mafi kyau da aka yi, domin ganin malamin da aka sani a cikin makarantar boko ya kwantar wa iyaye da yawa hankali. An yi karatu a gindin bishiya da rumfar zana. Makarantun sakandare kuma suka cika da 'yan Indiya da Fakistan da Filifin da Gana, da 'yan bautar ƙasa waɗanda aka fara turowa tun 1973. Har gobe akwai masu yi wa malaman UPE dariya, suna cewa daga kansu ilimi ya lalace. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don an sami waɗanda suka shiga aji ba su fi ɗalibansu da komai ba. Sai dai mai wannan dariya ya tuna cewa kafin UPE garuruwa nawa ne a tsakanin Isa da bakin iyaka ke da makaranta ko ta kara? Ɗan talakan da ubansa ba shi da ko akuya ya sami hanyar zama ma'aikaci, ya koyar shekara biyar ko goma a gida, ya tafi ƙaro ilimi, yau ga shi darakta ko lauya ko farfesa. Tsohon gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko ma ta kwalejin horon malamai ta Sakkwato ya bi.

Yadda aka sare tsanin

Daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga biyan malaman firamare, nauyin ya faɗo kan jihohi da ƙananan hukumomi. Malamai suka riƙa yin watanni ba albashi. A 1983 aka kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Gana da yawa suka tafi, tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya darajar naira har sauran baƙin malamai suka ga zaman ba riba. Daga nan aka shiga wasan jifa da malamin firamare: a 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka mayar da komai ga ƙananan hukumomi, a 1993 aka sake dawo da ita. A waɗannan shekaru ne aka fara jin masu gidajen haya a birane suna ƙin ba malamin makaranta ɗaki, iyaye kuma suna jan ƙafa idan shi ne ya zo neman aure. Yaran da ke aji suna kallon duk wannan, kuma yaro ba ya sha'awar zama abin da ya ga ana wulaƙantawa.

A daidai wannan lokaci ne wata manufa, wadda a takarda ba ta da aibu, ta zo ta ƙarasa aikin. Tun a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka rubuta cewa wata rana NCE ce za ta zama mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa. Da aka koma tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, sai aka fara mayar da kwalejojin Gired Tu makarantun sakandare ɗaya bayan ɗaya. Aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, da hukumar rajistar malamai a 1993, aka sa 1998 a matsayin wa'adi, da abin ya faskara aka ɗaga. Ƙirƙiro jihohi ma ya yi mana nasa ɓarin: Birnin Kabi ta tafi a 1991, Maru da Gusau suka bi Zamfara a 1996.

Babu mai hankalin da zai ƙi a ce malami ya ƙara ilimi. Amma a duba abin da sauyin ya haifar ga yaron Kurawa. A da, hukuma ce ke zuwa ta same shi yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku. A sabon tsari shi ne zai nemi hukuma yana ɗan shekara goma sha takwas ko fiye, bayan ya yi shekara shida a sakandare, ya ci Turanci da Lissafi a makarantar da wataƙila ba ta da malamin ko ɗaya daga cikinsu, ya sami gurbi a kwaleji, ya kuma yi shekara uku a Sakkwato da kuɗin ubansa, ga haya ga abinci ga kuɗin takardu. Idan ya gama babu wanda ya yi masa alkawarin aiki. Wanda zai iya tsallake waɗannan shingaye galibi ɗan birni ne, ɗan birni kuwa idan aka turo shi gabashin jiha, tun ranar da ya kama aiki yake neman wanda zai sa baki a mayar da shi. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: mai NCE darasi ɗaya ko biyu ya karanta, tarihi ko tattalin arziki ko Hausa, alhali aji biyu na firamare yana buƙatar wanda ya san yadda ake koya wa ɗan shekara bakwai haɗa baƙi. Giɓin da ya samu sai aka riƙa cike shi ta hanyar da duk muka sani, wato rabon gurabe tsakanin masu faɗa a ji, kowa ya kawo nasa, ko ya iya ko bai iya ba. Mu ma 'yan birni ba mu kuɓuta daga wannan laifi ba, don da yawanmu mun taɓa ɗaukar waya mu roƙa wa ƙane ko ɗan ƙanwa gurbin koyarwa, muna sane cewa kasuwa zai ci gaba da zuwa.

Faci a kan faci

Abin mamaki, Sakkwato ce aka sake zaɓa. Ranar 30 ga Satumba, 1999, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE a can, lokacin ɗan wannan yanki, Alhaji Attahiru Bafarawa, yana gwamna. Dokar shirin ta fito a 2004, ta tanadi kuɗin gine-gine da kayan aiki, albashin malamai kuwa ta bar shi inda yake. Tun daga nan ake ta gwada dabaru. A 2006 gwamnatin tarayya ta ɗauki masu NCE 40,000 ta rarraba wa jihohi na shekara biyu, da fatan jihohin za su riƙe su daga baya. A 2016 aka kawo N-Power, ana ba matasa naira 30,000 a wata su taimaka a aji na ɗan lokaci. Duka biyun sun rage zafi, amma duka biyun masu takarda suke nema, kuma wanda ya san zamansa na wata ashirin da huɗu ne ba ya dasa bishiya.

Shiri ɗaya ne ya koma ga tsohuwar dabara, shi ne na tallafa wa 'yan matan karkara su zama malamai, wanda aka fara a 2008 a jihohin Sakkwato, Katsina, Bauchi da Neja, da haɗin gwiwar UNICEF da gwamnatin Ingila. Akan zaɓo yarinya daga ƙauyen da ba shi da malama, a biya mata karatun NCE a kwalejin jiha, ita kuma ta sa hannu cewa za ta koma ta koyar a ƙauyen na aƙalla shekara biyu. Jajin Nana Asma'u ke nan a cikin sabuwar riga. Binciken da aka yi wa shirin daga baya ya nuna inda ya yi tuntuɓe: da yawa daga cikin ɗaliban sun zo da raunin Turanci tun daga sakandare har suka kasa gamawa a kan lokaci, kuɗin tallafin kan makara, wasu kuma sun gama sun koma gida suka zauna ba a ɗauke su aikin ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi ciwo, a ce an shawo kan uba ya bar 'yarsa ta tafi birni, ta dawo da takarda, sa'annan makarantar da ke bayan gidansu ta ci gaba da zama ba malama.

A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malamanta na firamare jarrabawa, 21,780 daga cikin kimanin 33,000 suka faɗi, abin da ya girgiza Arewa baki ɗaya. A ranar malamai ta duniya ta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin albashi na musamman da alawus ga masu koyarwa a karkara da tallafi ga ɗaliban fannin ilimi da kuma ɗaukarsu aiki kai tsaye. A 2021 aka ambaci naira 50,000 a kowane zangon karatu ga ɗaliban NCE, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malami 65. A 2020 ɗin ce aka ba jiharmu kwalejin ilimi ta tarayya a Gidan Madi. To amma a 2022, lokacin da aka sa mafi ƙarancin makin shiga jami'a 140, na kwalejin ilimi 100 aka sa. Saƙon da wannan ke isarwa ga ɗalibi a fili yake: idan ko'ina ta ƙi ka, ga koyarwa.

'Yan uwanmu na ƙetaren iyaka ma ba su tsira ba. A Maraɗi akwai makarantar horon malamai mai ɗauke da sunan Bawa Jangwarzo, amma tun daga ƙarshen shekarun 1990 Jamhuriyar Nijar ta koma ɗaukar malaman kwantaragi masu ƙaramin albashi da gajeren horo domin ta cika azuzuwa, har suka rinjayi na dindindin yawa, kuma da aka yi musu jarrabawa a 2017 sakamakon bai yi daɗin ji ba.

Wanda ya rage bayan an watse

Sauran labarin ba sai an ba ɗan wannan yanki ba. Tun daga 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji neman mafaka. A watan Mayun 2020 aka kashe fiye da mutum 70 a rana ɗaya a Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa. A watan Disambar wannan shekara, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana 16, ciki har da na Isa da Sabon Birni da Bafarawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a hannun 'yan bindiga, Allah Ya jiƙansa da sauran waɗanda muka rasa. A irin wannan hali ba za mu ga laifin malamin da aka turo daga nesa ba idan ya ƙi zuwa. Shi ma yana da uwa. Amma duk wanda ya je gida a waɗannan shekaru ya ga ko su wane ne ke buɗe aji idan an sami ɗan sauƙi. Waɗanda gonarsu da kabarin iyayensu ke nan ne, kuma da dama daga cikinsu ragowar 'yan Gired Tu ne da suka ƙaro NCE suna kan aiki. Wanda ya shiga kwaleji a 1976 yana ɗan shekara goma sha uku, yau ya haye sittin. Suna ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wani layi da aka tanada a bayansu.

Ba mu da ikon dawo da Gired Tu, ba mu kuma ce a dawo da ita yadda take ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu yi, a ɗan ƙaramin ma'auni, abin da En'e ta yi da abin da asusun 1967 ya yi. Muna ba kwamitin ilimi shawarar ya nemi shugabannin makarantun sakandaren da yaranmu ke zuwa su ba shi sunayen masu ƙoƙari tun daga aji huɗu, maza da mata, musamman waɗanda iyayensu ke zaune a gida. A zauna da iyayen a gaban hakimi da limami. A ɗauki nauyin ko da biyar ne a shekara, har da darasin ƙarin Turanci da Lissafi kafin jarrabawa, domin nan ne shirin 2008 ya yi rauni. Masu gidaje a Sakkwato su ba da masauki, musamman ga 'yan mata, wanda hakan zai fi kwantar wa iyaye rai fiye da kowace takarda. A rubuta yarjejeniyar komawa gida ta shekara uku ko huɗu. Sa'annan, kafin a kashe ko kwabo, manyanmu da ke cikin gwamnati su samo mana alkawari a rubuce daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha cewa duk wanda ya gama za a ɗauke shi, kuma a makarantar garinsu za a ajiye shi. Muna roƙon sakatare ya sa wannan batu a ajandar taron bana, gaba da maganar siminti.